Zaren Matar Salisu

Litinin, 7 ga Yuli

Ruwa tun safe. Gwiwa ta hana ni masallaci, a ɗaki na yi Azahar. Tun bayan azumi nake gidan ɗana Salisu a Unguwar Dosa, Kaduna, har yau baƙo nake. A kawo abinci, a ce sannu Baffa, a ja ƙofa. Wai hutu. Ni na ce musu na gaji? 'Ya'yan yayana sun cike min ramukan rini a Zariya sun gina shaguna a kai, shi kuma wannan ya ɗauko ni a mota kamar buhun masara.

Laraba, 9 ga Yuli

Nafisa, matar Salisu, tana rini. Rini fa! In ta dawo daga ofis sai ta ɗora tukunya a kan gas, ta zuba ɓawon albasa da alif, ta tsoma zaren saƙarta. Jiya zoɓo ta dafa. Na ce mata gishiri ya rage, sai mu ci da tuwo. Ta yi dariya. "Baffa, zo ka gani mana, ya fito kamar jan goro." Ban je ba. Tun ban fara azumi ba nake bakin marina, amma a gidan nan babu wanda ya taɓa tambayata yadda ake haɗa ruwan baba, ganyen nan mai ba da shuɗi.

Asabar, 12 ga Yuli

An kawo mata farin ulu, ƙanwarta Khadijat ce ta aiko daga Turkiyya. Wai gashin tunkiya ne zalla. Bargo za ta saƙa wa abin da ke cikinta. Sun daɗe suna jiran haihuwar nan, Allah Ya sauke ta lafiya, wannan kam ba ni da ta cewa. Daga tsakar gida na ji tana gaya wa Salisu shuɗi take so, amma albasa ba ta ba da shuɗi, ba ta san yadda za ta yi ba.

Shuɗi. A gidan da nake zaune.

Talata, 15 ga Yuli

Na hau Keke Napep na je Babbar Kasuwa. Da ƙyar na samu busasshen baba wajen masu sayar da saiwoyi, shi ma yaron bai san sunansa ba sai da na nuna da yatsa. Toka daga wajen mai ƙosai, kanwa daga kicin. Akwai tsohon durom na roba a bayan gida, na wanke na haɗa. Ban gaya wa kowa ba. Za su gani.

Juma'a, 18 ga Yuli

Ya fara wari, alhamdulillahi. Maƙwabcinmu Malam Shu'aibu, wanda ya yi ritaya daga aikin gwamnati, ya leƙo ta katanga yana toshe hanci. "Malam Datti, masai ne ya fashe muku?" Na ce a'a, fanshonka ne ya ruɓe a hanya. Bai ji daɗi ba.

Da yamma Salisu ya same ni. "Baffa, don Allah a zubar da abin nan, mutane suna magana." Na ce in an zubar da shi a haɗa da jakata a kai tashar Kawo, in koma Zariya, ko a zauren masallaci ne na kwana. Ya tsaya yana kallona, ya juya. Na dai lura Nafisa ta rufe tagar kicin, kuma na ji tana amai.

Lahadi, 20 ga Yuli

Bai nuna ba. Na juya shi safe da yamma. Bayana kamar an daka a turmi.

Alhamis, 24 ga Yuli

Kumfa ta taso, da ƙyalli a kai kamar wuyan tantabara. Na ɗanɗana a harshe, ya yi. Rabon da in ji haka a ƙirjina tun kafin rasuwar matata Jummai.

Juma'a, 25 ga Yuli

Ban san ta inda zan fara ba.

Da suka fita aiki na shiga falo na kwashi ulun daga kwandonta. Dunƙule biyu na bari, su ma don ban gan su ba ne, suna ƙasa a cikin leda. Na warware, na tsoma, na murza sosai don ya shiga ciki, na matse, na shanya ya sha iska, na sake tsomawa. Yadda na yi wa zaren auduga duk rayuwata. Da na ga yana ɗan santsi a hannu sai na dafa ruwa na wanke, na sake murzawa, na murɗe shi har ruwan ya tsane.

Launi kam ya fito. Wallahi ya fito, shuɗin da ko a Zariya sai an dace. Amma zaren ya tsuke, ya manne da juna, ya zama dunƙule guda kamar kitson da aka manta shekara. Na nemi bakin zare ban samu ba. Na sa allura, na sa haƙori. Ko kamu ɗaya bai warwaru ba.

A haka ta dawo ta same ni. Ta ajiye jaka, ta durƙusa da ƙyar saboda cikin, ta ɗauka tana shafawa. Ta daɗe. Sai ta ce, "Baffa, ulu ba ya son kanwa, ba ya son murza. Da ka tambaye ni." Na ce kayan ne ba su da kyau, zaren kirki ba ya yin haka. Ta ce, "To." Ta shiga ɗaki da shi a hannu. Da ta yi min faɗa da ya fi min sauƙi.

Asabar, 26 ga Yuli

Salisu ya ɗaga min murya. Ni. "Ka san yadda ta ƙwallafa rai a kan bargon nan?" Na ce ban haife shi don ya tsaya a kaina ba. Na haɗa jakata, tana bakin ƙofa. Abincin rana ya zo kamar kullum, har da man shanu. Ban ci ba. Daga baya na ci.

Litinin, 28 ga Yuli

Na zaga Babbar Kasuwa layi-layi. Kowa ya miƙo min zare ya ce ulu ne. Na roƙi wani ya ƙona bakin nasa da ashana, ya narke kamar leda. Na ce wannan roba ce. Ya ce, "Tsoho, tumakin Kaduna ko gashin kansu bai ishe su ba." Suka yi ta dariya. Wata mata mai shago ta ce na gaske sai an yi oda, kuma sai an jira, ba ta san ranar zuwansa ba. Haihuwa kuwa ba ta jira.

Na dawo hannu biyu. Ƙafa ta kumbura har takalmi ya ƙi fita.

Laraba, 30 ga Yuli

Na zubar da durom ɗin a kwata. Ba don Salisu ba, ba don Shu'aibu ba. Ya lalace ne kawai, ruwan sama ya shiga. Ranar Asabar zan tafi.

Alhamis, 31 ga Yuli

Ba barci, ba ci. Bayan gida ya yi tsit, ba wari, ba komai.

Asabar, 2 ga Agusta

Na sa hula na ɗauki jaka, sai ga Nafisa a ƙofar kicin, hannu a ƙugu, tana numfashi sama-sama. Ta ce dunƙule biyun da suka rage ba su isa bargo ba, amma za su yi hula da safa. Ta ce tururi yana tayar mata da zuciya, Salisu kuma ko ruwan shayi ƙona shi yake yi. "Baffa, ka tsaya min a kan tukunyar ɓawon albasar nan. In an sauke sai ka tafi, motar Zariya ba ta ƙarewa."

Na ajiye jakar. Don cikin ne, ba don komai ba.

Ta jawo kujera ta zauna daga bakin ƙofa tana ba ni umarni kamar sabon yaron marina. Wuta ƙasa-ƙasa. Kada ya tafasa. Kada a juya da ƙarfi. "Baffa, na ga hannunka!" Na ce gyara shi nake yi. Ta ce, "Ka bar shi ya kwanta, shi zai sha da kansa." Marini a tsaye kan tukunya, an hana shi taɓa zare. Da abokan aikina na raye da na shiga uku.

Da ya huce na tsamo shi a tafin hannu kamar ɗan tsako. Ruwa yana zuba ta tsakanin yatsuna, hannun nan yana ƙaiƙayi ya matse. Ban matse ba. Na shimfiɗa a kan tawul yadda ta ce. Ya fito ruwan ƙwai, mai ɗan duhu. Ba shuɗi ba ne. Ba laifi dai, a matsayinsa na miya.

Kafin mu gama an kira La'asar, kuma ni ba na tafiyar yamma da damina. Ta ce gobe akwai wankewa, ba za ta iya sunkuyawa ba. Jibi kuma naɗewa, sai an riƙe mata.

Na mayar da jakar ɗaki. Kada a yi tuntuɓe da ita.