Kifin Shafi na Talatin

Tanga, 3 ga Maris

'Yata Ashura,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da kyau, ke da maigidanki Hamisi da yara. Yaya sanyin Arusha, yaya tarin jikata Rehema? Mu nan lafiya lau, sai gwiwata da ba ta son ganin damina.

Saƙonki ya iso: littattafan girkin bakin teku guda biyu da kika sayo, da naki da kike son kai wa maɗaba'a ƙarshen wata. Kin ce in auna su kamar ba ni na haife ki ba. To, shekara talatin ina dafa abincin biki a garin nan, ban iya yabon ƙarya ba.

Babban nan mai hotuna ado ne kawai. Mai shi bai taɓa hura gawayi ba, komai sai a sikeli. Ya ce a zuba madarar kwakwa kofi biyu, bai ce tatsar farko mai kauri ko ta biyu mai ruwa ba. Maƙwabciyata Bi Tatu ta ga hoton biriyaninsa ta ce, "Mwajabu, wannan shinkafar gidan hoto za ta, ba ciki ba."

Ƙaramin na wata mata 'yar tsibirin Pemba kuwa, takardarsa kamar ta ƙunshin gyaɗa, amma shi zan miƙa wa duk mai koyon girki. Ba ta cewa minti goma, cewa take sai ƙamshin albasa ya juya. Kuma ta san akwai ranar da babu nama a gida.

Naki ba zan ce uffan a kansa ba sai na dafa. Ki ba ni mako guda.

Mahaifiyarki,
Mwajabu

Tanga, 12 ga Maris

'Yata Ashura,

Assalamu alaikum. Da fatan kun tashi lafiya, Rehema kuma ta warware. Na jinkirta amsa, ba don gwiwa ba.

Littafinki yana da kyau. Shinkafar kwakwa ta fito warawara, fanken mandazi ya tashi, kuma duk abin da kika nema akwai shi a kasuwa. Sai kifin shafi na talatin, wanda kika sa wa suna Kifin Mama. Sau uku na dafa shi yadda kika rubuta, ban ƙara ba ban rage ba. Bi Tatu ta ɗanɗana ta ce, "Da daɗi kam, amma ba hannunki ba ne. Wa kika ba aron tukunyarki?"

Laifin ba naki ba ne. Kin rubuta duk abin da kika gani, ni ce ban bari kin ga duka ba.

Kin tuna duk ranar da za mu sauke kifin nan nake aikenki sayen lemon tsami? Alhali da lemona a kwando. Kina fita nake ɗauko garwashin ɓawon kwakwa, in sa shi a ƙaramin kwano a tsakiyar tukunya, in ɗiga masa mai, in rufe. Kafin ki dawo hayaƙin ya shiga, na cire kwanon.

Da farko ɓoyon sana'a ne, kowace mai girkin biki tana da nata. Amma bayan kin yi aure kin tambaye ni sau biyu me ya sa naki ba ya fitowa, na ce ruwan Arusha ne. Ƙarya na yi miki. Na lura duk bayan wata uku kina hawa mota ki zo kina cewa kifi ya kawo ki, sai na ji tsoron idan kin iya shi za ki daina zuwa. Tun rasuwar babanki gidan nan ya yi mini faɗi, Ashura. Kunya nake ji ina rubuta wannan.

Kwana biyu na yi ina tunanin in ce miki littafin ya yi, a buga. Sai na tuna matar da za ta saya, ta gurza kwakwarta ta bi ki layi-layi, ta ɗauka hannunta ne bai iya ba. Na kushe mai hotuna a kan abin da bai kai wannan ba.

Ki gyara shafin kafin ki kai. Garwashin ya yi ja sosai, man ɗigo uku, kada a buɗe sai hayaƙi ya daina leƙowa.

Yanzu ba ki da dalilin zuwa Tanga don kifi. Na san haka, da sanina na rubuta. Idan na ji sallamarki a ƙofa, zan san don ni kika zo.

Ki yafe mini. Ki gaida Hamisi da yara.

Mahaifiyarki,
Mwajabu