Za A Tono Mijina, Ɗana Kuwa Ya Daina Kirana

Kiriya Argiro, uwargida, don Allah ki taimake ni da shawara, na rasa wanda zan faɗa wa. Mutum ɗaya ne ke saurarona a garin nan, shi ma wata mai zuwa za a tono shi daga kabari.

Mijina Stamatis nake nufi. Shekara uku ke nan da rasuwarsa, kin kuwa san maƙabartunmu na Atina a nan Girka, haya ce. Wa'adi na cika sai a tono ƙasusuwan, a wanke da ruwan inabi, a naɗe a farin ƙyalle a sa a ɗan akwati, a ba wani wurin. Har an sanar da ni rana. Kowace Asabar nakan hau bas in je in wanke dutsen kabarin, in ƙara wa fitilarsa mai, in zauna in ba shi labari: tsadar wake, ciwon gwiwata, wanda ya mutu, wanda ya tafi Jamus. A benenmu yanzu daga ni sai wata tsohuwa kurma, Kiriya Froso, sauran ƙofofin duk a kulle. Talabijin nake bari yana ta surutu don in ji muryar mutum a gidan, alhali ba abin da suke faɗa sai bashi, bashi, za a kore mu daga kuɗin yuro, ba za a kore mu ba.

To, yuron nan ne ya shiga tsakanina da ɗana. Ɗa ɗaya gare ni, Lefteris, yana aikin walda a Jamus tun da aiki ya ƙare a nan. Da, kowace Lahadi bayan coci sai ya kira. Makon da aka rufe bankuna, muna layi cikin rana kamar masu bara a kan fanshonmu na kanmu, ya kira ni kan ƙuri'ar raba gardama ta ko mu yarda da sharuɗɗan tsuke bakin aljihu na masu bin ƙasarmu bashi, Jamusawa a gaba. Ya ce shi ba dama ya jefa daga can, in taimaka in jefa masa eh, don in muka fita daga yuro aka koma tsohon kuɗinmu dirakma, fanshona zai zama takardar naɗe kifi, shi ma wa ya sani ko a ce ya tattara ya koma gida. Na ce a'a zan jefa. Tsuke bakin aljihun nan ne ya rufe shagon kafinta na babansa. Mutumin da bai taɓa zama da rana ba ya koma bakin taga yana kallon titi har zuciyarsa ta tsaya. In ce eh ga waɗanda suka yi masa haka? Sai yaron ya ce wai taba ce ta kashe babansa, ba Jamusawa ba. Raina ya ɓaci, na ce masa burodinsu ya riga ya bi masa jini, ya je ya zama Bajamushe ya bar mu da gawarmu. Ya ce to, Mama, ya ajiye waya.

Kin ga abin takaicin, a'a ɗin ta yi nasara, aka yi ta rawa a dandali, kafin a je ko'ina manya suka sa hannu a kan abin da muka ƙi. Muna nan cikin yuro, ba wanda ya san zuwa yaushe. Eh ɗinsa da a'a ɗina duk sun bi ruwa, ni ce kawai na rasa kiran Lahadi. Kuɗi yana aikowa, murya babu.

Ban yi nadamar ƙuri'ata ba, gobe ma haka zan jefa. Amma ɗa ne ya kamata ya karɓi ƙoƙon kan mahaifinsa daga hannun mai tono ya sumbace shi. Ina tsoron tsayawa bakin ramin nan ni kaɗai, wallahi ina tsoro. In na kira zai ce na sauko, ko ya zaci kuɗin akwati nake nema. In na yi shiru aka tono ba ya nan, ba zai yafe mini ba har abada. Ya zan yi? Kuma in an mai da Stamatis kan kantar ɗakin ajiyar ƙasusuwa cikin jerin akwatuna, ina zan riƙa zuwa ran Asabar?

Mai fitilar Asabar, daga unguwar Nikeya

*

'Yar'uwata, Allah ya ji ƙan maigidanki Kiriyo Stamatis, ya ba ki juriyar ranar.

Ki kira shi yau, ba gobe ba. Jirgi yana son shiri, mai aiki a ƙasar mutane kuma sai ya nemi izini.

Amma bari in faɗa miki abin da na gani. Ɗanki bai ce ki jefa eh don Jamusawa ba. Fanshonki ya fara ambata kafin ya ambaci kansa, ke da kanki kika rubuto haka. Tsoro ne ya yi magana da bakinsa, tsoron mutumin da ke nesa yana kallon uwarsa a layin banki ta talabijin. Ke kuma baƙin ciki ne ya yi magana da naki. Maganar taba ba ta dace ba, ya yi kuskure, ba a faɗa wa matar mamaci haka. Taki ma ta yi nauyi. Wanda yunwa ta kora daga gida, ba zagin da ya fi masa ciwo kamar a ce ya sayar da gidan. Kuɗin da yake aikowa kuwa, gaisuwar mai kunya ce. Wanda ya yanke zumunci ba ya tuna ƙarshen wata.

Ba na ce ki janye ƙuri'arki ba, taki ce. Ko mu zauna a yuro ko a fitar da mu, ba a ɗakin girkinki za a yanke ba. Waɗanda ke yankewa sun zagi juna a bainar jama'a, suka koma tebur ɗaya suka sha kofi. Don me ke da ɗan cikinki za ku ci gaba da faɗan da masu shi suka bari?

In kin kira, kada ki tayar da yuro ko dirakma. Ki faɗa masa ranar, ki ce ya zo da farin ƙyallen da za a naɗe babansa. Ki ba shi aiki a hannu, zai fi masa sauƙin shigowa da a ce ya zo ba da haƙuri. In kuma bai samu zuwa ba, ki riƙe hannun Kiriya Froso ku tafi tare. Ba ta ji, amma tana gani, kuma ranar kafaɗa kike buƙata, ba kunne ba.

Asabar ɗinki ba za ta ƙare ba. Ana kunna fitila a gaban akwati ma, labarin wake kuma ki rage wa mai rai, ki ba shi ran Lahadi.

A garin da kabari ma haya ne, wa'adi ya cika a tashi, kada ki ba fushi wurin zama na dindindin. Allah ya sa ku tsaya bakin ramin nan ku biyu.

Argiro