Maganar da Waya Ta Sa Mini a Baki

Anka, ranar Lahadi

Zuwa ga ɗiyata Maimunatu, a Gummi.

Assalamu alaikum. Zaliha matar Malam Lirwanu maƙwabcinmu ita ka rubuta wagga takarda, ina faɗi tana sawa. Na ce mata kar ta gyara mini magana, yadda ta fito haka za ta tahi. Ina gaishe ki, ina gaishe da maigidanki da yara. Ya ƙafar taki? Ni lafiya lau in ban da gwiwa, ita ko ta tsufa ce.

Kar ki kira ni ga waya. Na bar magana cikin waya, za ki ji dalili.

Kin san da ɗiyarki Khairiyya ta zo hutu ta nuna mini wani abu cikin wayarta, Zaliha ta ce sunanshi AI. Tana tambayarshi karatun makarantar kiwon lafiya, shina ba ta amsa, Turancin da ya yi mata tauri ya warware mata da Hausa. Ban ƙi ba. Har na ce da malam ubanki na raye da ya ga abin mamaki.

To ashe an ba su aiki su rubuta labarin gubar dalma ta ƙauyen Abare daga bakin waɗanda abin ya ci. Ta ce in ba ta nawa. Na ce a'a. Na ce jikokina Sagir da Sahabi suna cikin ƙasa, ubansu yayanki na bisa ƙasa, ni ban tona wanga rami don a ba wani maki. Ta yi dariya ta ce tsohuwa mai taurin kai, ta koma.

Ashe da ta koma sai ta faɗa ma abin wayar sunana, da sunan yayanki, da yadda yaran sunka mutu, ta ce ya rubuta mata abin da kaka za ta ce. Ya ko rubuta. Malamanta sunka yaba, anka sa ta karanta gaban taro, wani ya ɗauka ga waya, ya bi wayoyi har ya iso tashar 'yan kabu-kabu ta nan Anka. Nan yayanki ya ji shi, tsakiyar abokan aikinshi.

Zaliha ta kunna mini. Wai ni Zulaihatu na ce na sha hana ɗana niƙa dutsen zinari a tsakar gida bai ji ba, wai har in mutu ba ni manta shi ya kawo mutuwa gidana. Har da hawayena anka sa. Kuma wai na kira sunanshi. Maimunatu, ɗana na fari! Tunda na haife shi kin taɓa jin sunan nan ga bakina? Ko ranar da anka ɗauki yaranshi zuwa makabarta ban kira shi ba.

Kowa ya san Abare gida-gida anka yi niƙan nan, ba wanda ya san akwai guba ciki. Tun da munka dawo Anka ban taɓa ce mishi don mi ba. Shi kuma ba safiyar da ba ya tsayawa da mashin ƙofar gida, ya aje mini koko da ƙosai, ya ce Inna an tashi lafiya. Tun ranar da ya ji abin ga bai zo ba.

Ki turo Khairiyya ta zo da ƙafarta ta faɗa mishi ƙarya ce. Uba direba zai kawo miki wagga.

Ni ce Innarki,
Zulaihatu

Anka, ranar Alhamis

Maimunatu,

Sallama da gaisuwa. Zaliha ce dai ka rubutu. Da fatan kuna lafiya. Na ga kukar miya da kinka aiko, Allah shi yi albarka.

Na ji kin ce hanya ba kyau, kuma yarinya na jarrabawa. Hanya kam ba kyau, ban musa ba. Amma Uba kullum shina bin ta, kuma bai fi Khairiyya yawan rai ba.

Ta turo ban haƙuri ga wayar Zaliha, an karanta mini. Magana mai tsawo, sumul kamar an goge ta da mai. Wai tana nadama daga zurfin zuciyarta, wai tana girmama raɗaɗin da nake ciki. Na ce ma Zaliha tsaya nan. Yarinyar da na goya ba haka take magana ba. Khairiyya in ta yi laifi sai ta fara da tsohuwa kar ki ci ni, ta yi ta in'ina, ta ƙare da roƙon ƙanzo. Wagga ba ƙanzo ba in'ina. Na ce a tambaye ta wa ya rubuta. Ta ce ita ta faɗa ma abin wayar abin da take nufi, shi ya jera mata. Abin da ya yi mini ƙarya shi anka aiko ya ba ni haƙuri.

Kin ce kowa haka yake yi yanzu, har malamansu. To. Ubanki ya karantar da mutane har ya mutu, in almajiri ya kawo mishi magana abin da yake fara tambaya shi ne daga bakin wa ka ji. In ba baki, ba magana. Su malaman Khairiyya ba wanda ya tambaya ko tsohuwar nan tana raye a je a ji.

Yayanki har yau shiru. Na aika mishi tuwo ya dawo da kwano ba a buɗe ba. An ce mini shina neman komawa ɗaukar mutane hanyar Zugu, wajen Bukkuyum, inda masu mashin ka gudu saboda 'yan bindiga. Ke kin san mutum ba ya zaɓen wagga hanya don kuɗi.

Tunda ba mai zuwa, ni zan tahi wurin yayanki.

Innarki,
Zulaihatu

Anka, ranar Asabar

Maimunatu,

Ina gaishe ki. Zaliha na rubutu, tana kuka, na ce ta share kar ta ɓata takarda.

Jiya da hantsi na ɗauki sanda na tahi tasha. Rabona da shiga cikin maza haka tun ina budurwa. 'Yan kabu-kabu sunka yi ta matsawa suna Inna ina za ki. Na same shi ya ɗaure buhun kayanshi bayan mashin. Ya rame. Ya durƙusa ya gaishe ni kamar kullum, bai dube ni ba.

Na ce mishi maganar nan ba tawa ba ce, waya ta ƙaga. Ya ce ya sani. Ya ce tun jin farko ya sani, don ya ji sunanshi ciki, ni ko ban kiranshi. Na ce to mi ya hana ka zuwa? Ya ce shekarun ga duka shina kawo mini koko shina jira in ce wani abu, ko zagi ko yafiya, ban ce ba. Ya ce har ƙarfe ya buɗa baki ya faɗi, uwarshi ba ta faɗi ba. Ya ce yanzu ko yaro ya dube shi a tasha ya san abin da yake tunani.

Ni ina ganin shiruna sutura ce na lulluɓa mishi. Haka anka koya muna, ɗan fari ba a yi mishi yawan magana. Na tsaya ina neman abin faɗi, kin san ni ba abin waya ba ce da za ta jero nan take. Kafin in samu ya buga mashin.

Maimunatu, na kira shi. Gaban maza, da ƙarfi, har masu shayi sunka waiwayo. Zaliha, rubuta shi, na riga na faɗa. Idrisu. Na ce Idrisu ba laifinka ba ne. Mashina sun fi goma suna ruri. Bai juyo ba. Ko bai ji ba, ko ya ji, ban sani ba.

Yanzu ga abin da ke bisa kowa.

Khairiyya ta je gaban malamanta ta ce tsohuwar ba ta yi magana ba, a cire sunana da nashi, ko da za a karɓe makin. Da bakinta, da in'inarta. Karatu ta ci gaba, ta tambayi abin wayarta ƙashi nawa ke jikin mutum, ban hana ba. Amma kar ta sake ara mishi bakin mai rai.

Ke kina da lambar yayanki. Ki kira shi har ya ɗauka, ki faɗa mishi abin da na ce a tasha yadda na faɗa, kar ki ƙara kar ki gyara. Kar ki rubuta, ki faɗa.

Zaliha na bina gyaɗa mudu guda na rubutu, tana cikin randa ta ɗauka.

Kwanon kokonshi na wurina. Na wanke na aje bakin ƙofa. Ki ce mishi nashi ne, shi zai zo ya ɗauka, ban ba kowa saƙo.

Innarki,
Zulaihatu