Ba Zan Taso Abuja Ba, Rifkatu

Zuwa ga ƙawata Rifkatu,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kina cikin ƙoshin lafiya, ke da abokan aikinki. Mu nan unguwar Lamorde a Mubi lafiya lau muke, sai godiyar Allah. Na rubuto miki ta nan inda kowa zai gani ne saboda kin daina ɗaukar wayata, kuma na san kina leƙa shafin nan ko da ba kya cewa uffan. Masu karatu ku yi haƙuri, magana ce tsakanina da ita.

Amsata tana nan yadda kika bar ta. Ba zan taso ba.

Ban manta alherinki ba. Ke kika kai sunana ofishinku lokacin da suke neman mai fassara daga Turanci zuwa Hausa da Fulatanci. Kika ce musu ba sai na zo ba, su riƙa turo aiki ta imel, ina yi daga gida. Da aikin nan na mayar da ƙofarmu da aka ɓalle, na ɗora sola a kan rufi. Da sabon shugabanku ya zo ya ce ba ya son ma'aikaci ko ɗaya a Mubi, ke kika tsaya mini, har kika share mini rabin ɗakinki. Na ce a'a. Na san na ba ki kunya a gabansa. Maganarki ta ƙarshe tana nan a kunnena: "Jummai, taurin kai ne zai kashe ki a garin nan."

Sun karɓe aikin. Ba zan yi miki ƙarya ba, na ji jiki. Na daɗe ina buɗe kwamfuta da safe, in duba, in rufe. Daga baya wani mai buga littattafan firamare a Kaduna ya fara turo mini aiki, sai masu shirya wa manoma shiri a rediyo, sai ɗalibai masu son a gyara musu rubutu. Bai kai na da ba. Yana dai ciyar da ni da Inna, kuma ba wanda ya ce sai na bar ɗakina kafin ya yarda da ni.

Tun da a ofishinku an ɗauka a ƙarƙashin gado muke kwana, bari in gaya miki yadda nake wayar gari.

Mai ruwa yakan turo kurarsa ƙofar gida kafin rana ta ɗaga. Wutar gwamnati in ta zo mu gode, in ba ta zo ba rana ta ishe ni caji. Sabis ya fi ƙarfi a gindin mangwaron tsakar gida, don haka can na mayar da teburina, ina aiki Inna tana tsintar wake a gefe tana gyara mini Fulatanci. In na ga hadari ya haɗo ta wajen duwatsu, sai in yi maza in tura abin da na gama. Lokacin da bankuna suke rufe, har Yola nake shiga mota don in ciro kuɗi. Wannan ma ya wuce.

Da la'asar nakan hau keke in shiga kasuwa. Matar nan ta Digil mai kuɓewa, wadda kike jayayya da ita, har yanzu "kai" take ce mini maimakon "ke", har yanzu kuma sai ta ƙara mini gyara. Ta tambaye ni ke. Na ce kina can inda ake sayar da kuɓewa a leda. Ta yi dariya har da riƙe ciki.

Ban ce komai ya daidaita ba. Akwai shingen sojoji, akwai bincike a bakin kasuwa. Akwai gine-ginen da har yau baƙin hayaƙi bai goge daga bangonsu ba. In taya ta fashe a titi, sai ki ga manya sun watsar da kaya, ni ma a ciki. Amma bayan an gama haki, kowa yakan dawo ya tattara kayansa ya ci gaba da ciniki. Cikin waɗannan mutane nake so in tsufa.

Dangin Baba na Katsina su ma sun aiko wai in koma gida. Wane gida? Kakana ne fatauci ya kawo shi. Ni a nan aka binne cibiyata. Sau ɗaya aka fitar da ni daga gidan nan da bindiga, Rifkatu. Ba za a sake fitar da ni da albashi ba.

Ke ce shaidata a kan waccan fitar. Muka bi ta gonaki, muka tsallaka mayo, wato kogi, na goya kwamfutar nan da zani kamar jaririya. Duk da ƙafarki na jini, kika dube ni kika ce, "Ki tsaya ki ba ta nono mana." A kan hanyar nan ne yayanki Ishaya ya juya don ya ɗauko tsohon maƙwabcinku, ya ce mu yi gaba zai cim mana. Bai cim mana ba.

Shi ya sa ban riƙe ki ba, 'yar'uwata. Na san in wayarki ta yi ƙara kika ga lambar Mubi, gabanki ne yake faɗuwa. Ba reni ya sa kika share mini ɗaki ba. Ke tafiya ce ta yi miki magani, ni kuwa zama. Kar ki sa ɗayanmu ta nemi gafarar ɗaya a kan wannan.

Ranar Asabar na hau babur na je Vimtim gaida Mama, mahaifiyarki. Gwiwa na damun ta, amma ta cire gyaɗarta tas. Ta nuna mini buhu guda a lungun ɗaki, ta ce rabonki ne. Na ce ta kawo in sa miki a mota. Ta harare ni, ta ce, "Ba mota. Mai gyaɗa ta zo da ƙafarta." Saƙon ke nan, ban ƙara ba, ban rage ba.

Allah ya tsare ki a inda kike, ya sanyaya miki zuciya. Allah ya ƙara wa Mama lafiya da nisan kwana, ya zaunar mana da garinmu lafiya, ya nuna mini ranar da zan tarbe ki a tasha. Amin.

Taki har kullum,
Jummai