Layin Wayar Asibitinmu

Yaya Nasiru,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai yawa tare da fatan kana lafiya. Yaya aiki, yaya iyali, ya kuma ruwan Fatakwal? Inna tana nan lafiya, gero ma ya yi kyau bana.

Da kunya nake rubuto maka wannan. Ka san ni ne sakataren kwamitin ƙaramin asibitin ƙauyenmu. Da za a saka wa asibitin waya, mai haɗawa ya ce mu zaɓa: ko tsohon layi mai ɗaukar kira ɗaya, ko na intanet mai ɗaukar kira da yawa amma sai da wuta. Dattawa suka fi son tsohon. Ni kuwa na miƙe na ce, "Yayana masanin sadarwa ne, ya ce sabon ya fi." Alhali ban tambaye ka ba. Jin sunanka sai kowa ya yarda.

Ran kasuwar Ɗanbatta aka yi ruwa, wuta ta ɗauke. Naƙuda ta kama Larai matar Kawu Sale, suka yi ta kiran asibitin shiru, sai a kan babur aka kawo ta cikin taɓo. Ta sauka lafiya, an samu mace.

Da na je barka, Kawu ya ce, "Ka gaishe da Nasiru, kowa yana kuskure." Na ce masa, "Zai ji," na fito.

Ran Juma'a zan faɗa wa kwamiti gaskiya. Ka yafe mini, ka sa ni a addu'a. A gaida Anti Hauwa da yara.

Ƙaninka,
Habibu