Muryar Auta a Cikin Kwalba

Zuwa ga ƙanena Hashimu, a Makka.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da iyali da keken ɗinkinka. Mu nan Birnin Kudu sai godiya. An yi girbi, dawa ta yi kyau a Zandam.

Akwai wata magana da na daɗe ina ji a bakin masu gyaran rediyo, tun ba a yanke mana Jigawa ba. Wai kwalaben nan na gilashi da ke cikin tsohuwar rediyo, masu yin ja kamar garwashi in ta ɗauki zafi, kowace da irin muryarta. Wai in ka cire wannan ka sa waccan, mai magana ɗaya ne, amma sai ka ji shi daban. Ni kuwa na ajiye zancen inda nake ajiye tatsuniyoyin kaka. Kwalba ai ba ta da maƙogwaro.

To, kaset ɗin da ka aiko ta hannun alhazai ya iso. Na kai wa Inna har Zandam, na sa mata a ƙaramar rakoda mai batir. Ka san idonta ya tafi, kunne ya rage mata, shi kuwa ba a yi masa wayo. Ta saurara har ƙarshe, ta ce wannan ba Autanta ba ne. Wannan siririyar murya ce, taka kuwa daga ƙirji take fitowa.

Ka tuna da Kawu Garba ya rasu a Ikko, muka ɓoye mata wata biyu don tana jinya? Ba ta manta ba. Ta ƙulla a ranta ka mutu ne, mun samo wani ya kwaikwaye ka. Na ce mata lafiyarka ƙalau, ta ce wancan karon ma da wannan bakin na faɗa. Ta daina tambayarka, ta fara yi maka sadakar waina ranar Juma'a. Tuwo ma sai an lallashe ta.

Sai na ɗauko ta zuwa gidana, tunda mu muna da lantarki. Na haɗa rakodar da babbar rediyon Baba, mai akwatin katako. Murya ta fito da girma, amma a dishe, ga ƙugi a ƙarƙashinta. Inna ta juya fuska bango.

Da abin ya ishe ni, na haɗiye girman kai na aika Gwaram a kira Malam Idi, tsohon mai gyaran nan da na fi yi wa dariya a kan wannan zance. Ya zo da hantsi da gwangwani cike da kwalabe, kowace a naɗe da tsumma kamar ƙwan zabo. Ya zare wayar wuta, ya zauna ya sha furarsa har kwalaben cikin rediyon suka huce, sannan ya girgiza ɗaya a hankali ya ciro ta.

Ya sa ta farko, ya ce ta Rasha ce. Ka fito tas, amma da kaifi. Inna ta ce wannan mai karanta labarai ne. Ya sa ta biyu, ka yi nauyi kamar kana magana daga cikin rijiya. Ta uku wata 'yar tsohuwa ce ta Ingila, rubutun jikinta duk ya goge. Muka jira ta yi ja. Aka zo wurin nan da kake gyaran murya, ka yi 'yar dariyarka kafin ka gaishe ta, sai Inna ta ɗaga hannu kowa ya yi shiru. Ta matso har kunnenta ya taɓa katako. Ta ce, “Ja'iri, har yanzu ta hanci yake dariya.”

Sau huɗu aka maimaita mata. Daga nan ta tambayi ko akwai sauran ɗumame. Malam Idi yana naɗe kwalabensa, bai ko dube ni ba, ya ce, “Malam Sule, tatsuniyar ta yi daɗi?”

Auta, wainar Juma'a ba ta fasa ba, sai dai yanzu ta godiya ce. Ka ƙara aiko mata da kaset, ka yi magana da yawa, ko labarin zare da allura ne. In kuma hali ya yi, ka zo da maƙogwaron naka ta taɓa shi da hannu. Allah ya tsare mana kai, ya sa albarka a sana'arka, ya sada fuskokinmu tana raye.

Zancen kwalaben nan dai har gobe ana faɗa mini shi. Jiya ma na ɗauki tsumma zan goge ƙura a bayan rediyon, aka kore ni, aka zaunar da ni aka yi mini bayani daga tushe, kamar ba na nan aka yi. Inna ce.

Yayanka,
Sule