Hancin Aro

Baban Hanifa,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, da sai in tambayi lafiyarka kamar yadda aka saba, to amma ka wuce wannan tambayar. Na san ba za ka karanta takardar nan ba. Ko da kana raye ma ba karanta saƙona kake yi ba, sai dai ka duba sama-sama ka ce za ka dawo kansa. Jibi zan fita takaba, kuma Hajiyarka tana jiran amsata. Tun ranar sadakar uku take kira daga Doguwa tana kuka, tana roƙona in ce na yafe maka duniya da lahira. Na ce mata ta bari in fita tukuna. Na ga ya kamata kai ka fara jin amsar kafin ita.

Bari in fara ba ka labarin gida. Muna nan unguwar Danau Kota a ƙasar Malay, jami'a ta bar mana gidan zuwa ƙarshen zango mu tattara. Hanifa tana karatunta ta kwamfuta, in na yi mata Hausa ta amsa min da Turanci, in ta ji haushi ta koma Malay. Sadiƙ ya fara tafiya, yana bin bango har ƙofar ɗakin karatunka ya tsaya yana bugawa. Mai shagon mamak na ƙasan bene, mai abincin nan, ya buɗe, amma tapau kawai, a ƙunshe maka ka tafi, ba a zama. Da na aiki Hanifa sayen roti, gurasarsu, ya tambaye ta, "Bos mana?", wato ina maigida. Ta ce masa ka yi tafiya. Ban gyara mata ba.

Sunanka kuwa yana nan fes, kada ka damu. 'Yan ƙungiyar ɗalibanmu na unguwar Setapak sun yi maka saukar Alƙur'ani ta waya. Kowa ya tofa albarkacin bakinsa: Dakta mai zumunci, Dakta mai jan salla, Dakta da ba a taɓa jin kansa da kowa ba. Na zauna a gefe da hijabina ina cewa amin. Ka iya zaɓen mata, wannan kam na ba ka, ka samu wadda take rufe baki.

Kwalabenka na zubar da su. Ka tuna ranar da Hajiya ta hango su a bayanka kuna magana ta bidiyo, ta tambayi mene ne waɗannan masu rubutun ƙasar waje, ka ce mata turare ne na Japan? To ba ta manta ba. Ta ce in ajiye mata guda ɗaya ta riƙa shafa wa sallayarta, ta riƙa jin ƙamshin ɗanta. Na ce mata duk sun zube, kuma ban yi ƙarya ba. Ni na tsiyaye su a masai ɗaya bayan ɗaya, har da wadda ka ce shekararta ta fi ta aurenmu. Banɗakin ya wuni yana ƙamshi.

Ban taɓa gaya maka yadda nake ganinka da wannan harkar ba, yau ka ji. Tun da ka fara aiki a jami'ar da ke titin Jalan Semarak ka haɗu da tsohon farfesan nan ɗan Japan, ka dawo gida da sabon addini. Kai ba mashayi ba ne, in ji ka, kai mai ɗanɗano ne. Mashayi yana neman maye, kai kana neman fahimta. Ka sayo ƙananan kofunan gilashi masu tsukakken baki. Ka zuba ɗan kaɗan, ka ɗaga wajen taga ka duba launi, ka juya, ka kai hanci bakinka a ɗan buɗe, ka ɗiga ruwa ɗigo biyu da cokali, wai don ta saki jiki. Kurɓa ɗaya sai ka lumshe ido ka yi shiru kamar mai jiran wahayi. Ni da na shekara goma ina dafa maka abinci ban taɓa samun wannan shirun ba. Abin da miyata take samu shi ne daddawa ta yi yawa, maƙwabta za su ji, a buɗe taga.

Ka zaunar da ni ka yi min darasi, tunda ba ka da wanda za ka yi wa a cikin 'yan'uwa. Ka ce wiski iri-iri ne, taka ta hatsi ce, ba ta sha'ir zalla ba, ƙananan masu sana'a ne suke yin ta a ƙauyukan Japan, su zuba a gangar icce su jira shekaru. Na ce wane hatsi? Ka ce yawanci masara, da ɗan alkama. Wallahi sai da na shiga kicin na yi dariya ta ishe ni. Kai da ka hana a tuƙa tuwon masara a gidanka, wai ka ci na rayuwarka a Doguwa, abincin wahala ne. Ashe ba masarar ka ƙi ba, jira kake ta je Japan ta yi digiri ta dawo.

Duk wannan na haɗiye shi. Na ce tsakaninka da Ubangijinka ne, ni ba ni na halicce ka ba. Da can yawanci a ofis kake yi, ko wajen farfesan. Kullen annobar nan ne ya kwaso min kwalaben cikin gida gaba ɗaya, a daidai lokacin da Innata take tare da mu. Ta zo yi min wankan jegon Sadiƙ, aka rufe hanya, ta maƙale wata da watanni. Tsohuwa mai ciwon suga, wadda ba ta taɓa kwana a sama da ƙasa ba sai a benen nan. Kullum tana bakin taga da carbi tana tambaya ko an buɗe filin jirgi. Ita ka ce mata kayan gwajin makaranta ne a kwalaben, kada yara su shiga. Ta riƙa kore Hanifa daga ƙofar, tana cewa a bar wa Dakta aikinsa.

Sai ranar Asabar ɗin nan. Wata kwalba da ka daɗe kana jira ta iso, kun shirya da farfesan da abokansa kowa ya buɗe tasa bayan la'asar, ku ɗanɗana tare ta kwamfuta. Da hantsi ka kira ni ɗakin ka rufe ƙofa, fuskarka ta canza. Ka ce ka buɗe ka shinshina ba ka ji komai ba. Ka shinshina turarenka, ka shinshina man zafi, duk ɗaya. A lokacin ko yaro a garin nan ya san ma'anar mutum ya rasa jin ƙamshi. Na ce ka sa takunkumi mu kira asibiti yanzu. Ka ce, "Relax lah, sanyin AC ne. Ni ne Dakta a gidan nan ko ke?" Dakta na sinadarai, ba na mutane ba, amma ranar ba ka ga bambanci ba.

Sannan ka miƙo min kofin. Ni da ko hanyar da ake sayar da ita ba na bi, ka ce in shinshina in gaya maka abin da na ji. Na ƙi, ka ce ai ba sha na ce ki yi ba, kuma umarnin miji ne. Ka ga inda ka tuna da addini? Na kai hanci ina istigfari. Ba zan ɓoye maka ba, ƙamshi ne da ita, kuma na ji haushin hakan. Da farko ta yi min yaji, daga baya ta lafa. Na ce ina jin kwakwa, da ayabar da ta nuna sosai, da wani abu kamar turaren wuta na sandal. Ka ce wannan gangar ce, ci gaba. Na ce can ƙasa akwai alawar madara, irin wadda ta ɗan kama a gindin tukunya. Ka sa na maimaita har ka haddace.

Ina kicin ina jiyo ka ta bango. Ka zuba musu Turanci, kwakwa, ayaba, sandal, har ka tsaya kana yi musu bayanin alawar madara, wai wani kayan zaƙi ne na ƙasarku da kake ci kana yaro. Suka yi ta tafi. Bakinka ba ya bambance abin da ke kofin da ruwan famfo, amma ka lumshe ido ka yi musu shirun nan naka. Da kuka gama ka yi aswaki, ka tauna kanumfari, ka fito falo ka ce a ta da iƙama.

Nan ne maganar take, Baban Hanifa. Masallatai a rufe, kai ne limaminmu. Na tare ka a lungu na roƙe ka, na ce ka yi sallarka a ɗaki, ka bar fitowa har a gwada ka. Ka ce in ka daina jan salla Inna za ta tambayi dalili, in aka ce ba ka jin ƙamshi za ta tambayi yadda ka gane, kuma kai ba za ka ji kunya a gaban surukarka ba. Ka ce in an gwada ka aka samu, cibiyar killacewa za a kai ka, a bari Litinin ta yi a gani. Litinin ta zo ta wuce. Falo a rufe, taga a rufe, ka ɗaga murya kana karatu kana gyaran maƙoshi, tsohuwa tana bayanka taku biyu. Na ce mata mura kake yi ta ja baya. Ta ce mura ba ta hana jam'i, kuma ita ba za ta guji mijin 'yarta kamar kuturu ba. Ita ta dafa maka citta da kanumfari da lemon tsami, ta kawo maka da hannunta, ka durƙusa ka karɓa kana godiya. Ladabi kam ba a fi ka ba.

Kada ka ce ni ma ina da waya a hannu, me ya hana ni kira. Na san wannan, ina kwana da shi ina tashi da shi. Amma ba da kai zan yi wannan shari'ar ba.

Hausawa sun ce kowa ya ɗebo da zafi bakinsa. Kai da ka ɗebo, bakin Inna ka fara kai wa. Ita ta riga ka kwanciya. Mutane cikin fararen kaya suka zo suka sauke ta a lif, tana riƙe da ɗankwalinta tana ce min kada in manta da ruwan wankan yaro. Ban sake ganinta ba sai a fuskar waya, an naɗe ta a leda, baƙi suna zura ta a rami da igiya. Ba ni na wanke ta ba. Ba wanda ya wanke ta, taimama aka yi mata ta saman ledar. Matar da ta nuna mana wurinta kusa da Baba a Gwarzo tun muna 'yan mata, ga ta kwance a jar ƙasar mutanen da ba ta san ko gaisuwarsu ba. Kana da labarin nan? Lokacin kana gadon asibiti da bututu a hanci, likitoci suka ce kada a gaya maka don kada hankalinka ya tashi. Har a nan ma kai aka tausaya wa.

Saƙonka na ƙarshe yana nan a wayata. Na buɗe shi, na ɗauka za ka tambayi Inna, ko ka ce in yafe maka. Cewa ka yi in kulle ɗakin karatu in ɓoye makullin kafin 'yan ƙungiya su fara zuwa. Na kulle. Ka mutu da asirinka a rufe, abin da ka fi so ke nan, kuma ka samu.

Farfesan ya zo ta'aziyya da aka sassauta kulle. Ya tsaya a bakin get da kwandon 'ya'yan itace, ya sunkuya har ƙasa, tsoho yana hawaye a cikin takunkumi. Ya ce a shekarunsa bai taɓa ganin hanci irin naka ba, kuma ranar Asabar ɗin nan ka fi kowace rana. Ya ce har yau yana neman sanin mece ce alawar madara, ko zan iya gaya masa yadda ake yin ta. Na gaya masa: madara, suga, wuta kaɗan-kaɗan, a yi ta juyawa. Ya yi godiya ya tafi. Na ɗauki kwandon na hau sama.

Na so ka, kada ka ɗauka ban so ka ba. Na bar karatuna na biyo ka ƙasar da ban san kowa ba, kuma da za a ce ka shigo yanzu da jakarka wataƙila in tashi in ɗora maka ruwa kafin in tuna. Wannan ma yana cikin abin da nake jin haushinka a kai.

To ga amsar. Hajiya tsohuwa ce, ba ta yi min komai ba, ba zan karya mata zuciya ba. Jibi in ta kira zan ce mata Allah ya yafe mana baki ɗaya, ita kuma za ta ji abin da take son ji. 'Ya'yanka za su tashi suna yi maka addu'a, ba zan hana su ba, ni zan koya musu ma. Giyar kuwa Ubangijinka Mai gafara ne, in ya so ya shafe ta kamar ba a yi ba, ba ruwana. Amma kai ka karantar da mu a falon nan cewa Allah ba ya yafe haƙƙin bawa sai bawan ya yafe. Na ji karatun, na riƙe. Inna na san halinta, ta yafe maka tun kafin a sauke ta daga benen, don ba ta san abin da ka yi ba. Ni na sani.

Ban yafe ba, Nasiru. Ka jira ni a inda kake, ina tafe, za mu yi maganar a gaban wanda ba a rufe wa ƙofa.

Ka huta, in an bar ka.

'Yar Inna,
Ruƙayya